Kun Tambaya: Ina Lura da Numfashina, Amma Hankali Ya Ƙi Zama

Tambaya: Assalamu alaikum. Yawan tunani na hana ni barci, shi ya sa na fara zama shiru ina lura da numfashina irin yadda mutanen Asiya ke yi. Yau kwana 12 ke nan. Da na zauna sai tunanin ya ƙaru, wani lokaci jiri ya ɗebe ni, ƙafata ta sage, ko na ɓige da gyangyaɗi. Ina kuskuren yake? Daga wata malamar makaranta a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abu huɗu kika lissafa, kuma kowanne da dalilinsa.

Mu fara da jiri, domin nan ne kuskure na gaske yake. Kina jan numfashi da ƙarfi, kina neman ya yi tsawo. Yin haka na rage iskar kabon-dayoksaid a jini, hanyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, sai kai ya yi ta juyawa, yatsu su yi kamar ana tsira musu allura. Sarrafa numfashi aikin masu yoga ne na Indiya, suna kiransa pranayama. Wanda kike yi sunansa anapanasati a harshen Pali, na mabiya Buddha, kuma umarninsa shi ne: in numfashi ya yi tsawo ki san ya yi tsawo, in gajere ne ki san gajere ne. Ba a ce ki gyara shi ba. Af, "sati" ɗin da ke ƙarshen kalmar ba mako ba ne, ma'anarsa tunawa da lura.

Ƙafa kuwa matsalar zama ce. Ki samu matashi mai tauri, tudunsa santimita 10 zuwa 15, ki zauna a bakinsa yadda ƙugu zai fi gwiwa tudu. In bai yi ba, kujera ta wadatar, tafin ƙafa biyu a ƙasa, baya a miƙe ba tare da jingina ba.

Tunanin da kike ganin ya ƙaru, da ma yana nan, yanzu ne kika fara ganinsa. Masu bin tafarkin Zen, wani reshe na addinin Buddha a Japan, suna ba sabon shiga ƙirge. Ki runtse ido rabi, ki kalli ƙasa kamar mita ɗaya a gabanki. Duk fitar numfashi ki ƙirga ɗaya, har zuwa goma, sannan ki dawo ɗaya. In kika tsinci kanki a 17, ko kina lissafin cefanen gobe, ki koma ɗaya ba tare da yi wa kanki faɗa ba. Wannan komowar ita ce aikin. Akuyar da aka ɗaure a turke za ta yi ta fizga kafin ta kwanta, kuma dukanta ba ya sa ta kwanta da wuri. Minti goma a rana ya isa, a lokaci guda kullum. Bayan mako biyu ki ƙara biyar.

Gyangyaɗi tsohuwar matsala ce, yana cikin cikas biyar da littattafan mabiya Buddha suka ambata, tare da sha'awa, ƙiyayya, rashin natsuwa da shakka. An ruwaito cewa Buddha ya shawarci almajirinsa Moggallana da ya ja kunnuwansa, ya wanke ido da ruwa, ya tashi ya yi tattaki, in duk bai yi ba ya kwanta ya yi barcinsa. Mu ƙara da cewa kada ki zauna bayan kin ci tuwon dare. Amma in lura da numfashi na sa ƙirjinki bugawa ko yana taso da wani tsohon tashin hankali, ki bar shi ki saurari sautukan da ke kewaye da ke. Rashin barcin da ya kai wata uku kuwa na likita ne.

Tambaya: Wannan abu ba addininsu ba ne? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, tushensa addinin Buddha ne, babu ɓoye-ɓoye. Sai dai iri biyu ne ke yawo. Akwai na asibiti, wanda Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Masacuset a Amurka: mako takwas, minti 45 kullum a gida, babu karatun ibada a ciki. Akwai kuma Vipassana, wato zaman shiru na kwana goma ana lura da numfashi da jiki, wanda wani malami mai suna S. N. Goenka ya yaɗa daga Indiya, inda ake tashi ƙarfe 4 na asuba, a yi kusan awa goma ana zaune, ba magana. A daren farko mahalarta kan maimaita kalmomin Pali na neman mafaka ga Buddha da koyarwarsa da jama'arsa, kuma ana buƙatar su ajiye sauran ibadunsu har a gama. Ka kai wa malaminka wannan bambancin yadda yake, hukuncin nasa ne.