Amsa: Shin ɗan shekara 24 a unguwar Aboabo ta Kumasi, Ghana, zai iya tsayawa takara ba tare da jam'iyya ba?

Ƙanena, kana tambaya ko sai ka shiga NPP ko NDC, manyan jam'iyyun Ghana, kafin ka nemi kujera. A zaɓen majalisar gunduma, wato asambuli, ba haka ba ne. Kundin tsarin mulkin 1992 ya hana jam'iyyu tsayar da ɗan takarar asambuli ko kwamitin unguwa. Shekara 18 ta isa, sabanin kujerar majalisar dokoki mai buƙatar 21. Duk shekara huɗu ake wannan zaɓe, na baya an yi shi a Disamba 2023.

Fara duba cewa sunanka na cikin rajistar masu zaɓe ta yankin da kake son wakilta. Idan a wata unguwa kamar Nima ka yi rajista, sai ka nemi a mayar da ita nan lokacin da hukumar zaɓe ta buɗe ƙofa. Fom ɗin asambuli yana buƙatar mai gabatar da kai, mai mara masa baya, da wasu mutum 18, dukkansu masu rajista a yankin. Nan ne matasa suka fi faɗuwa: a tattara sa hannu a wurin shan ataya, ashe rabin abokan a unguwar Asawase suke zaɓe. Karɓi katin kowa ka duba lambar rumfarsa kafin ya sa hannu.

A ganina ka fara da kwamitin unguwa mai kujeru biyar. Aikin kwata da shara ne, babu albashi, amma ta nan sarkin zango da limamai za su san fuskarka kafin ka nemi kujerar asambulin Asokore Mampong, gundumar da Aboabo take ciki.