Ga 'yar'uwar da waƙar yabo ta yi wa nauyi a baki

Salama, 'yar'uwa. Na ga tambayarki, cewa tun rasuwar maigidanki kowa na rawa lokacin yabo, ke kuwa bakinki ya ƙi buɗuwa, har kina tsoron ko bangaskiyarki ce ta yi sanyi. Allah ya ƙara haƙuri.

Na daɗe ina ba da waƙa a zumuntar mata, kuma a da ni ma da na ga mace a zaune sai in ce sanyin ruhu ne. A ƙarshen 2014 na daina faɗin haka. Lokacin da Boko Haram suka shiga Michika da Mubi, 'yan gudun hijira sun cika majami'armu a Jos, yawancinsu 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya. Mu kuma, wai don mu faranta musu rai, muka saki ganga da kacau-kacau, sai waƙoƙin nasara. Wata tsohuwa ko motsi ba ta yi ba. Da muka gama, ta ɗaga wata waƙa da harshensu, a hankali, ba kiɗa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma matan nan duka suka amsa, suna hawaye. Kunya ta kama ni ranar.

Daga nan na koma Zabura. Cikin surorinta 150 ɗin nan, wajen kashi ɗaya cikin uku kuka ne. A ta 13, sau huɗu Dawuda ya tambayi Ubangiji har yaushe. Ta 88 ma da duhu ta ƙare, ba a rufe ta da halleluya ba, kuma ba wanda ya cire ta daga Littafi Mai Tsarki. Yesu kansa a kan gicciye ta 22 ya ɗauko. Mu ne dai muka ware irin waɗannan muka ajiye wa jana'iza, kamar baƙin ciki kwana uku yake yi ya tafi.

Kada ki daina zuwa sujada, kada kuma ki matsa wa kanki rawa don idon mutane. Ki zauna abinki. Idan kina da fuska wurin shugabar zumunta ko fasto, ki roƙi a sa waƙa ɗaya mai sanyi kafin wa'azi, ko a karanta Zabura 42 a ɗan yi shiru. Mu haka muke yi yanzu, ko da yake matasan ƙungiyar mawaƙa har yau suna gunaguni wai muna kashe musu zafi.