Rikicin Sadukiyawa da Kiristocin farko

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya haɗa Sadukiyawa rikici da Kiristocin farko. Tashin matattu ne tushen maganar. Sadukiyawa manyan firistoci ne da attajiran Urushalima, Haikali, babban ɗakin ibadar Yahudawa, yana hannunsu, kuma sam ba su yarda matattu za su tashi ba. Kwatsam sai ga Bitrus da Yahaya, almajiran Yesu, a harabar Haikalin suna shelar Yesu ya tashi. Aka kama su, suka kwana a tsare.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne kisan Yakubu, ɗan'uwan Yesu. A shekara ta 62 babban firist Ananus, Basaduke, ya sa aka jefe shi. Da Romawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70, ƙungiyar Sadukiyawa ta watse.