Zan Tafi Karatu Maleshiya da Ɗana, Amma Ban Faɗa wa Mahaifinsa Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Agege tare da mahaifiyata da ɗana mai shekara 4. Aurena da mahaifinsa ya mutu shekara biyu da suka wuce, tun lokacin ni ke ɗawainiyar yaron, sai ɗan abin da uban ke aikowa daga kasuwar Mile 12 inda yake sana'ar gwari. Yanzu na samu gurbin digiri na biyu a Maleshiya, karatun shekara biyu. Mama ta ce in bar mata shi, amma tana fama da hawan jini, ni kuma zuciyata ta ƙi rabuwa da shi. Ƙawayena sun ce in shirya a ɓoye, sai mun sauka in sanar da uban. Me kike gani?

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya sa albarka a karatun. Ina goyon bayan ki tafi da ɗanki, domin yaro mai shekara 4 ya fi buƙatar uwarsa, kuma bai dace a ɗora wa tsohuwa mai hawan jini renon da ko mai ƙarfi yake jin jiki ba. Amma shawarar ƙawayenki ki ajiye ta gefe tun yau, don ita ce za ta iya rushe tafiyar gaba ɗaya.

Mu fara da addini, tunda can uban zai fara kai ƙara idan ransa ya ɓaci. A mazhabar Malikiyya da muke bi, uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, wannan kowa ya sani. Abin da mata da yawa ba su sani ba shi ne, malamai sun ce idan mai riƙo za ta yi tafiya mai nisa ta ƙaura, ba ta fatauci ba, waliyyin yaron yana da ikon karɓarsa. Ko karatun shekara biyu ƙaura ne ko ba ƙaura ba, magana ce da malami zai warware muku, amma kin ga ke nan yardar uban ta zama garkuwarki. Ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, kawunsa ko limamin unguwarku, a zauna da shi cikin mutunci, a faɗa masa ƙasar da tsawon zaman da ranar dawowa. Na sha ganin uban da ake tsoron zai hana, da aka girmama shi aka nemi izininsa, shi da kansa ya biya kuɗin tikitin yaron. Wanda kuwa ya ji labari a bakin 'yan kasuwa, da wuya ya yafe, kuma yaron ne zai tashi a tsakiyar rigimar.

Idan ya amince, kada ki tsaya ga maganar baki. A rubuta takardar yarda, ya sa hannu, a rantse a kanta a Babbar Kotun da ke Ikeja, a haɗa da kwafin katin shaidarsa. Za a nemi amincewar iyaye wajen yi wa yaro fasfo a ofisoshin shige da fice na Ikoyi, Festac ko Alausa, tare da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da lambar NIN ɗinsa, kuma fasfon yara shekara 5 yake yi. A filin jirgin Murtala Muhammed ma jami'ai suna yi wa mai fita da ƙaramin yaro ita kaɗai tambayoyi saboda safarar yara, matsalar da ta sa aka kafa hukumar NAPTIP a 2003. Idan kuma ya ƙi ba bisa dalili ba, akwai kotun iyali a ƙarƙashin dokar haƙƙin yara ta Jihar Legas ta 2007, wadda ke duba maslahar yaro kafin ta kowa.

Ki rubuta wa jami'ar tun yanzu kan izinin zaman yaron a matsayin wanda ke ƙarƙashinki, kada ki ɗauka bizarki ta wadatar da shi. Maleshiya kuma tana neman katin rigakafin cutar shawara daga masu zuwa daga Najeriya, don haka ki duba katin allurarsa, ki karɓi katin a ofishin lafiya na tashar jirgi.

Abin da ya fi damuna kuwa, ba takardu ba ne. A Agege idan zazzaɓi ya kwantar da ke, akwai Mama, akwai maƙwabta, ko ba ki roƙa ba za a ɗauke miki yaron. A can, ranar da kika kwanta ko kike da jarrabawa da safe shi kuma ya tashi da amai, wa zai riƙe shi? Kafin ki sayi tikiti ki samu mace ɗaya takamaimai cikin ɗaliban Najeriya da ke jami'ar, mai iyali, ku yi magana baki da baki har ta ce ta ɗauka. Ki kuma tambayi kuɗin makarantar yara, wadda suke kira tadika, ki sa shi cikin lissafi tare da haya da inshorar lafiyarsa, domin da kuɗin ƙasarsu za ki biya alhali naira kike tarawa.

Babu jirgi kai-tsaye daga Legas, idan ta Doha kuka bi jirgi biyu ne, kowanne wajen awa 7, kuma tunda ya wuce shekara 2 kujerarsa daban za ki saya. Maleshiya ta riga mu da awa 7, wato ƙarfe 7 na yamma a can 12 na rana ne a nan. Ku tsayar da rana guda a mako da zai riƙa gaisawa da babansa da kakarsa ta bidiyo a wannan lokacin, ki sa wannan alkawarin cikin abin da za a faɗa wa uban ranar zaman, kuma a gida ki riƙa yi masa Hausa zalla don ya iya amsa gaisuwarsu.