Naci yabo ne ko zagi?

Ɗan'uwa, ka tambaya in an ce mutum naci gare shi, yabonsa aka yi ko zaginsa. Ya danganta da abin da ya nace wa. Naci shi ne ka kama abu ka ƙi saki, ko an hana ka, ko ka sha ƙasa. Shi ya sa ake cewa naci damben kuturu.

A nan jihar Tawa, manomin albasa na Galmi da farashi ya karya bara, bana kuma ya sake dashe, in ka ce yana da naci yabo ne. Amma mai bin bashin da zai buga maka ƙofa da asuba, ya dawo da azahar kan jikka biyu, shi ma naci ne, kuma ba mai sa masa albarka. Ni dai in yabo zalla nake nufi, dagewa nake cewa.

Cuta ma tana naci, kuma wannan ba na wasa ba ne. Tarin da ya wuce mako 2, a bar jiƙo a je likita a gwada majina, don tarin fuka haka yake somawa. Maganinsa wata 6 ake sha ba fashi.