Tambaya da Amsa: Me ya sa ra'ayin masu motar Ford ya rabu biyu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, na daɗe ina tara kuɗin mota, yanzu kuma dillali ya kawo mini guda biyu 'yan Kwatano, dukkansu Ford: Edge ta 2012 da Focus ta 2013 mai giyar otomatik. Yayana ya ce in guje su domin motar Amurka ba ta da juriya, maƙwabcina kuwa ya shekara shida da tasa yana yabonta. Ina son sanin asalin kamfanin, da kuma gaskiyar abin da masu motocin suke fuskanta.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yayanka da maƙwabcinka duk suna iya zama masu gaskiya, domin sunan Ford yana liƙe a jikin motoci masu bambancin hali ƙwarai, kuma abin da yake raba mai yabo da mai kuka yawanci shi ne irin injin da irin giyar da suka faɗo hannunsa. Tarihin kamfanin yana taimakawa wajen gane haka, don haka bari mu fara da shi.

An haifi Henry Ford a 1863 a gidan manoma kusa da Dearborn, a jihar Michigan ta Amurka. Yana aikin injiniya a kamfanin lantarki na Edison da ke Detroit ya haɗa motarsa ta farko a 1896, wata 'yar ƙarama mai tayoyin keke huɗu. Sau biyu ya shiga harkar kamfanin mota abin bai yi masa daɗi ba: na farko ya durƙushe, na biyu kuma ya fice bayan saɓani da masu jari, wannan kamfani ne ma daga baya ya koma Cadillac. Sai a ranar 16 ga Yuni 1903 aka kafa Ford Motor Company da tsabar kuɗi dala 28,000.

Abin da ya ɗaga sunansa shi ne Model T, wadda ta fito a 1908 a kan dala 850. Mota ce mai tsayi daga ƙasa, marar ƙyale-ƙyale, wadda manomi zai iya kwancewa ya gyara a bayan gidansa, a lokacin da yawancin hanyoyin karkarar Amurka laka ce da ramuka. A 1913 aka fara amfani da layin haɗa mota mai tafiya a masana'antar Highland Park, inda ma'aikaci yake tsaye a wuri ɗaya aikin yana zuwa ya same shi, sai lokacin haɗa gangar mota ya sauko daga kimanin awa 12 zuwa kimanin awa ɗaya da rabi. Aikin yana da gajiyarwa har ma'aikata suka riƙa gudu, saboda haka a Janairun 1914 kamfanin ya mayar da ladan yini dala 5, ninki biyu da ɗoriya na abin da yake biya a da. Farashin motar ya yi ta sauka har ya kai dala 260 a 1925, kuma kafin a daina ƙera ta a 1927 an sayar da fiye da miliyan 15.

Sai dai Henry Ford mutum ne mai kafiya. Ya riƙe Model T har abokan gasa suka sha gabansa, musamman General Motors da motarta Chevrolet, kuma kamfanin ya shiga ruɗani har zuwa 1945 da jikansa Henry Ford na Biyu ya karɓi ragama. Bayan nan aka samu a-kori-kura samfurin F a 1948, da Mustang a 1964, da Explorer a 1990. An kuma samu tabo: a 1978 an janye Pinto kimanin miliyan ɗaya da rabi saboda tankin man da ke iya kama wuta idan an buge ta ta baya, a 2000 kuma rikicin tayoyin Firestone da ke fashewa a jikin Explorer ya jawo asarar rayuka da shari'o'i masu yawa. A 2006, ƙarƙashin Alan Mulally wanda ya zo daga Boeing, kamfanin ya jinginar da kusan duk kadarorinsa har da shuɗin tambarin nan, ya ciyo bashin fiye da dala biliyan 23. Wannan kuɗi ne ya tsallakar da shi a 2009, shekarar da General Motors da Chrysler suka bayyana karyewar jari. A tsakanin shekarun nan ya sayar da Jaguar da Land Rover ga Tata na Indiya, Volvo kuma ga Geely na Sin.

Abin da nake so ka riƙe daga wannan labari shi ne inda ƙarfin kamfanin yake. Samfurin F shi ne a-kori-kura mafi kasuwa a Amurka tun 1977, kuma daga manyan motoci irinsa ne ribar take fitowa. Ƙananan motoci kuwa, a 2018 ya sanar da cewa zai daina sayar da su a Arewacin Amurka, in ban da Mustang. A nan gida ma akwai shaidar cewa tambari ba ya faɗin komai shi kaɗai. Galaxy ta farko da ke lodin fasinja a tashoshinmu, ita da Volkswagen Sharan da direbobi ke kira Sharon, a masana'anta ɗaya aka ƙera su a Fotugal daga 1995, kusan komai nasu ɗaya ne. Direban da ya yabi ɗaya ya kushe ɗaya, mota guda yake magana a kai.

Yanzu ga motocinka biyu. Focus ta 2013 mai otomatik ita ce ba zan ba ka shawarar saye ba, kuma ina faɗin haka ba tare da kwana-kwana ba. Giyar da ke cikinta, wadda kamfanin ya kira PowerShift, ba irin otomatik ɗin da ka saba gani a Corolla ba ce. A ciki giyar hannu ce mai busasshen kuloci guda biyu, kwamfuta ce take taka su a madadin ƙafarka. Masu Focus daga 2012 da Fiesta daga 2011 sun yi ta kukan cewa motar tana karkarwa idan za ta tashi daga tsaye, tana jinkirin ɗaukar wuta sannan ta fizga, wani lokaci ma ta ƙi shiga giya gaba ɗaya. Maganar ta kai kotu a Amurka inda aka yi sulhu da biyan diyya, kamfanin ya tsawaita garantin kuloci da na kwamfutar giyar, a Ostireliya kuma an ci shi tarar dalar ƙasar miliyan 10 a 2018 kan yadda ya bi da koken masu saye. Wancan garanti ba zai biyo motar zuwa Kaduna ba, ga shi cunkoson ababen hawa da zafin rana su ne abin da busasshen kuloci ya fi ƙi. Focus mai giyar hannu kuwa ba ta da wannan ciwo, masu ita suna jin daɗinta.

Edge ta 2012 labarinta daban ne. Yawancinsu suna ɗauke da injin lita 3.5 mai silinda shida, inji mai ƙarfi da juriya, ga faɗin ciki da natsuwa a doguwar tafiya, kuma ina kyautata zaton irinsa ne a motar maƙwabcinka. Yana da lago guda wanda ya wajaba ka sani: famfon ruwansa a cikin injin yake, sarƙar taimin, wato sarƙar da ke daidaita motsin sassan cikin injin, ita ce take juya shi. A yawancin motoci, idan famfon ruwa ya mutu za ka ga ruwa a ƙasa, bakanike ya canza shi cikin awa ɗaya ko biyu. A wannan kuwa sai an buɗe gaban injin, aikin yini guda ko fiye, kuma idan aka yi sakaci ruwan yana iya gangarawa cikin baƙin mai ya kashe injin baki ɗaya. Da yawa daga waɗanda suka yi rantsuwar ba za su ƙara sayen Edge ko Explorer ba, a nan aka ci su.

Saboda haka kada ka je ganin motar da rana tsaka bayan dillali ya riga ya ɗumama ta. Je da sassafe tana sanyi, ka zare sandar auna baƙin mai ka goga a farin ƙyalle. Man lafiya ruwan zuma ne ko baƙi, amma idan ka ga ya yi kalar shayi mai madara, ko ka buɗe murfin zuba mai ka tarar da wani farin kumfa mai kauri a ƙarƙashinsa, ka maida murfin ka yi sallama. Duba robar ruwan lagireto ka ga ko ruwan yana kan layi kuma mai launi ne, sannan ka leƙa ƙarƙashin injin da tocila ko akwai busasshen sawun ɗigar ruwa. Idan mai jan ƙafa huɗu ce, akwai ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi zuwa tayoyin baya, wanda yake zaune kusa da salansa, man cikinsa kaɗan ne kuma zafi yana dafa shi. Warin ƙonannen mai bayan tafiya alamarsa ce. A hanyoyin cikin gari mai jan ƙafa biyu ta ishe ka, kuma ta rage maka wannan ɗawainiya.

Akwai kuma abin da ba laifin wanda ya ƙera motar ba ne. Da yawa daga motocin da ake shigowa da su an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye, aka gyara fuska aka loda a jirgi. Kwafi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka sa a bincika tarihinta a intanet, ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ko akwai tsatsa a ƙusoshin kujeru. Sauran ɓarnar kuma a garejinmu ake yin ta. Na sha karɓar mota wadda wani ya cire mata abin daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye, ya cika lagireto da ruwan rijiya, ya zuba baƙin mai mai kauri a injin da aka rubuta 5W-20 a murfinsa, ya kuma ɗura wa giya duk man da ya samu a shago alhali irin man da ake kira Mercon LV take sha. Wasu motocin suna haƙuri da irin wannan na ɗan lokaci, waɗannan ba sa yi, musamman ruwan rijiya da ke cin famfon da na ambata.

Game da kayan gyara, ana samunsu a Kaduna da Kano, abin da babu kuma a aiko daga Ladipo a Legas, amma ba su kai na Toyota yawa da araha ba, kuma ranar da za ka sayar da motar ba za ta riƙe kuɗinta kamar Toyota ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa kake samunta da sauƙi yanzu. Shan manta kuma na inji mai silinda shida ne, ka auna shi da albashinka tun kafin ka biya.

Idan Edge ɗin ta tsallake binciken da na zayyana, kuma ka samu bakanike mai na'urar kwamfuta wanda ya taɓa buɗe irin wannan inji da hannunsa, to ka saya, amma ka rage wani abu daga kuɗin ka ajiye domin canza famfon ruwa da sarƙar taimin tun kafin su nemi a canza su. Idan kuɗin ba zai kai ga haka ba, ka ce wa dillalin ya nemo maka Focus mai giyar hannu. Allah ya sa a yi zaɓi na alheri.