Kosta Rika ko Kenya? Amsa ga ɗan'uwa daga Daura

Wani ƙanenmu daga Daura ya turo cewa ya gama digiri a fannin halittu a Jami'ar Umaru Musa Ƴar'adua (UMYU) ta Katsina, yana son yin mastas a waje kan kare dazuzzuka da namun daji, wani ejan ya ce zai samo masa gurbi a Kosta Rika, shi kuma Baba har ya fara maganar sayar da gonar gado. Wai ya tafi can ne ko ya nemi Kenya?

Ƙanena, maganar gonar nan a ajiye ta tukuna don Allah. Ba a sayar da gona a kan alƙawarin ejan, in makaranta ta gaske ce tana da shafinta a intanet kuma kai da kanka za ka iya cike fom ɗin.

Kosta Rika ba ƙarya wajen halittu, ƙasa ce ƴar ƙarama amma kusan kashi 5 cikin 100 na nau'in halittun duniya suna can, kuma akwai cibiyar karatu da bincike ta CATIE a garin Turrialba da ta yi suna a harkar noma da dazuzzuka. Sai dai da Sifaniyanci ake yawancin karatun, sannan dajinsu na ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, kai kuma inda za ka dawo ka yi aiki damina wata huɗu ce, matsalarmu kwararowar hamada ce da masu sare gawo da marke suna yin gawayi. Ni dai Kenya ta fi kwanta min, suna da yankunan fari irin namu, Turanci ake yi, kuma Jami'ar Nairobi na da cibiya da sunan Wangari Maathai, matar da ta kafa ƙungiyar dashen bishiyoyi a 1977 ta ci kyautar Nobel a 2004.

Kafin nan ma ka leƙa Maraɗi, ga ta nan bayan Jibiya. Tun shekarun 1980 manoma can suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon su tumɓuke, da haka miliyoyin hekta suka sake yin kore a Nijar. Ka tsaya ƙarƙashin gawo da damina ka ga ya zubar da ganye, geron gindinsa ya fi na gefe tsayi. In ka rubuta irin wannan a takardar neman tallafi sai ta fi ta wanda ya kwafo daga intanet nauyi. Ka nemi tallafin Commonwealth ko DAAD, hukumar ba da tallafin karatu ta Jamus, amma wasu kwasa-kwasan DAAD ɗin sai kana da shekara 2 ta aiki. A gida ma akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Jos, suna mastas kan kare halittu.

Wata baiwar Allah daga Ƙofar Ƙaura kuma ta ce kyamara za ta fara saya ko laftof? Laftof ƴar'uwa, mai riƙe caji sosai, don a kanta za ki zana taswira ki yi lissafin bincike. Hoto wayarki ta isa a shekarar farko.